A Sassauta Wa Gara

Malam Edita, assalamu alaikum, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Na saurari shirinku na noma na daren Laraba, inda baƙonku ya jera maƙiyan manomi, ya sa gara layi ɗaya da fara, ya ce duk inda aka ga suri a zuba masa magani. Maganar ta tsaya mini a rai. Na yarda gara na ɓarna: sau biyu tana cinye mini gindin rumbu, ta kuma ci littattafan mahaifina a cikin adaka. Amma a gona lissafin daban ne, kuma ni ganau ne.

Gonar da nake ci yanzu kusa da Badagishiri fako ce lokacin da na gaje ta. Ruwan sama in ya sauka sai ya zarce, kamar an zuba shi bisa siminti. Tassa ce ta tashe ta, dabarar nan ta tona ƙananan ramukan shuka da manoman Illela suka gano a Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Da rani muke tona ramukan, faɗin taƙi ɗaya da ɗan kai, mu zuba taki cikin hannu biyu. Da yawa na ɗauka ramin ne kawai ke riƙe ruwa. Ku zo bayan wata guda ku tona ɗaya da yatsa. Za ku tarar gara ta lulluɓe takin da laka, ƙasan ramin duk ƙofofi kamar rariya. Ta waɗannan hanyoyi ruwan fari ke nutsewa, saiwar hatsi ta bi sawu. Takin ma ita ke narkar da shi, ta kuma hauro da ƙasar can ƙasa zuwa sama. Ko kara ka shimfiɗa a kan fako ka tafi, ita za ta fasa maka ɓawon, ba ka biya ta ko dala ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Buzuzu na binne kashin shanu, tana na huda ƙasar fadama. Jikana da ke lakkal ya tumɓuke wake ya nuna mini ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, muka fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani ke zaune ciki, suna kamo daga iska irin abin da muke saye a buhun takin ure. Shi ya sa kakanninmu ke haɗa wake da hatsi, ko da ba su san sunan abin ba.

Abin da ya fi damuna mu ne. Da an gama girbi mu kwashe kara kaf mu kai kasuwa, kashin shanu a tsince don girki, sauran a cinna wuta a ce ana sharar gona. Masu albasa kuma feshi ba awo. Me muka bar wa na cikin ƙasa su ci? Na san talauci ne ke sa a sayar da kara, ni ma na sayar bara.

Roƙona, kafin lokacin tonon tassa ya wuce, ku turo wakilinku da na'urarsa. Zan kai shi gonata, in ba shi hauya ya tona da kansa.

Naku mai sauraro kullum,
daga Badagishiri, jihar Tawa.