A riƙa faɗin sunan mai muryar

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da wasu za su ga ƙarami ne, amma ni ya daɗe tsaye a raina. Shekarata sittin da bakwai, kuma ina da faifai fiye da ɗari da na tara tun ina saurayi. Wasu kwalinsu ya yage na liƙe da salatef, wasu sun karce har allura tana tsalle a wuri ɗaya, amma garmahona yana aiki har yau in an lallaɓa shi.

Kwanakin baya jikana ya shigo da waya a hannu yana ta murna, wai ya gano wata tsohuwar waƙa da ake rawa da ita a intanet. Tun daga bugun gangar farko na gane ta: Rasputin ce ta ƙungiyar Boney M, ta 1978. Ya nuna mini mutumin nan mai tulin gashi yana juyi yana durƙusawa, ya ce, “Kaka, ka ji muryar mutumin nan kuwa?” Na ce masa ya jawo kujera ya zauna, domin wanda yake gani ɗin ba shi ne mai muryar ba.

Sunan mai rawar Bobby Farrell, ɗan tsibirin Aruba. Muryar namijin da ke cikin faifan kuwa ta wani Bajamushe ce, Frank Farian, wanda ya haɗa ƙungiyar. A 1975 shi ya yi waƙarsa a situdiyo ya fitar da ita a ƙarƙashin sunan Boney M, da ta karɓu sai ya nemo waɗanda za su tsaya a gaban kyamarar talabijin. Muryoyin matan da suka ɗauki nauyin waƙoƙin, na Liz Mitchell ne da Marcia Barrett, dukansu haifaffun Jamaika. Ko Rivers of Babylon da duniya ta haddace da sunan Boney M, wasu 'yan Jamaika ne da ake kira The Melodians suka fara yin ta a 1970.

Ni ma lokacin ban sani ba. Shekaru na yi ina kallon hoton da ke jikin kwalin ina jingina masa muryar, kuma ranar da na ji gaskiyar magana, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ba na ganin laifin Farrell. Rawarsa ce ta sa mutane da yawa suka fara kallon ƙungiyar, kuma ya ci gaba da hawa dandamali har ƙarshen ransa. A ɗakin otal ya rasu a birnin St. Petersburg na Rasha, ranar 30 ga Disamba 2010, bayan ya gama wasa. Abin da ke damuna shi ne Liz Mitchell, wadda muryarta ta shiga gidaje a kowace nahiya, amma ka tsayar da mutum goma masu son waƙoƙin nan, da ƙyar ɗaya zai kawo sunanta. Shi kuwa Farian bai daddara ba, ya sake irin wannan da Milli Vanilli, wasu samari biyu da ya sa suna motsa baki a kan muryar wasu, har aka ƙwace musu kyautar Grammy a 1990 da asiri ya tonu.

Wadda labarinta ya fi taɓa mini zuciya ita ce Martha Wash, Ba'amurkiya mai murya kamar aradu. Duk wanda ya taka rawa a farkon shekarun 1990 ya ji ta, ko bai san ta ba. Ita ce ke ƙwala kiran nan da ke buɗe waƙar Gonna Make You Sweat ta ƙungiyar C+C Music Factory. Ita ce kuma ta rera mafi yawan waƙoƙin faifan Dreamland na ƙungiyar Black Box ta Italiya. Amma da aka zo yin bidiyo, sai aka ajiye ta gefe saboda mace ce mai jiki, aka kawo siraran 'yan mata suna motsa baki a kan muryarta. Ka duba fa, mutum ya kunna talabijin ya ji muryar da Allah ya ba shi tana fitowa daga bakin wani! Ba ta yi shiru ba, ta kai ƙara, aka sasanta, aka sa sunanta a matsayin mai muryar. Kafin ita, Black Box ɗin nan sun yanko muryar Loleatta Holloway daga waƙarta ta 1980, Love Sensation, suka gina Ride on Time a kai, waƙar ta yi mako shida tana ta ɗaya a Birtaniya a 1989, da fuskar wata daban a bidiyo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai kuma Manu Dibango, mai busa saksofon, haifaffen Duwala a Kamaru. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, shi kuma ya yi wa gasar waƙa. Da yake faifai fuska biyu gare shi, sai ya cike bayan da wani kiɗa, Soul Makossa. Waƙar gasar ta wuce da gasar, na bayan kuma ya haye teku. Wani mai sa faifai a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani kanti ya riƙa sawa a wurin rawarsa, gidan rediyo ya ɗauka, kafin ka ce kwabo kiɗan ya shiga cikin waƙoƙi arba'in da suka fi tashe a Amurka a 1973. Masu bin tarihin disko da yawa suna lissafa shi cikin tubalan farko na wannan salo. Bayan shekara goma sai ga amshin Soul Makossa ɗin nan ya fito a ƙarshen waƙar farko ta faifan Thriller na Michael Jackson, ba tare da an nemi izninsa ba. Sai da ya tayar da magana aka sasanta a wajen kotu. A 2007 amshin ya sake ɓullowa a waƙar Rihanna, a 2009 dattijon ya sake komawa kotu a Faransa. Cutar korona ce ta yi ajalinsa a Maris 2020, yana da shekara 86. Yaran da ke rera amshin nan yau, yawancinsu sun ɗauka a Amurka aka ƙirƙiro shi.

Makaɗa kuwa ba a ma maganarsu. Bugun gangar nan na huɗu-huɗu da ba ya tsayawa, wanda shi ne ƙashin bayan disko, ana danganta shi da Earl Young na Philadelphia. Jitar nan mai kaurin murya a waƙar Good Times ta ƙungiyar Chic, hannun Bernard Edwards ne. Da aka kwaikwaye ta a waƙar Rapper's Delight a 1979, sai da shi da abokin aikinsa Nile Rodgers suka yi barazanar zuwa kotu kafin a rubuta sunayensu a matsayin marubuta.

Na san wani zai ce, ai rawa ake yi, wa ya damu da wanda ya buga? Ni na damu. A zamaninmu, in ka sayi faifai, kwalin yana hannunka waƙar tana tafiya, idonka zai kai ga ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin sunan waƙa ko ba ka yi niyya ba. A nan na fara sanin cewa akwai wani Giorgio Moroder da Pete Bellotte a bayan I Feel Love ta Donna Summer, wadda suka haɗa da na'urar lantarki a 1977, har yau in ka sa ta kamar jiya aka yi. Yanzu waƙa tana zuwa a waya daƙiƙa goma sha biyar, ba kwali, ba rubutu, wani lokaci ko sunan ƙungiyar babu. In an ɓoye mutanen nan a wancan lokacin don kuɗi, bai kamata mu ƙara binne su yanzu don kasala ba, alhali labarin ya riga ya fito fili.

Don haka roƙona ga masu gabatar da shirye-shiryen tsofaffin waƙoƙi a rediyo, da masu rubuta shafin nishaɗi a jaridu, har da wannan jarida tamu mai albarka: in za a sa waƙa ko a yi rubutu a kanta, a faɗi wanda ya rera da wanda ya rubuta, da shekarar da ta fito. In kuma wani ne ya fara yin ta, a ambace shi. Ba zai ci minti ɗaya ba. Akwai shirin da nake saurara kowane ƙarshen mako, mai gabatarwar yana da kunne mai kyau wajen zaɓe, amma sai ya jera waƙa biyar ya bi su da gaishe-gaishe, ko sunan mutum ɗaya daga cikin masu aikin ba zai kira ba.

Shi dai jikan nawa, ranar bai tafi ba sai da na zaro masa faifan, na hure ƙurar allura, na ɗora. Na sa yatsa a kan hoton Liz Mitchell na ce ya rufe ido ya saurari muryar da ke saman sauran. Ya yi shiru har waƙar ta ƙare, sannan ya ce in maimaita masa sunan a hankali zai rubuta a wayarsa. Ya kuma ce in ya dawo ranar Asabar in sa masa na Dibango, na riga na ciro shi na goge na ajiye a kan tebur.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum