A gina mana gidan kallon kifin kogin Haɗeja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in miƙa shawara ga gwamnatocin Jigawa da Kano. Shawarar ita ce a gina gidan kallon kifi, inda ake ajiye kifaye da ransu a tankunan gilashi jama'a su shiga su gani, amma na kifin kogunanmu, ba na teku ba. Na san wani zai ce ana fama da tsadar taki da rashin kujeru a makarantu, wannan kuma ya zo da zancen kallon kifi. A yi haƙuri a ji ta bakina tukuna.

Ni ɗan masunta ne, ko da yake alli ya raba ni da koma, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Da Allah ya nufe ni da zuwa Umra, kafin jirginmu ya taso daga Jidda wani ɗan garinmu da ke aiki a can ya kai ni Fakieh Aquarium, wanda aka buɗe a 2013 a bakin Bahar Maliya. Akwai wani lungu na gilashi da mutum ke bi, ruwa ta hagu, ruwa ta dama, ruwa a bisa kai. Kifin shak ya bi ta kaina a hankali, farin cikinsa a fili, tsagogin da yake numfashi da su suna buɗewa suna rufewa. Kunamar ruwa mai faɗi kamar faifai ta zo ta manna fuskarta a gilashi. Na daɗe a gaban tankin dokin teku, wani ɗan abu da bai wuce tsawon yatsa ba, yana tsaye cak ya naɗe jelarsa a jikin ciyawa. A wurinsu namiji ne ke ɗaukar ƙwai a wata jaka da ke cikinsa har 'ya'yan su fito. Shi kuwa murjani da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, ƙananan dabbobi ne ke gina shi a ƙarƙashin ruwa, ikon Allah sai kallo.

Akwai kuma wasan dolfin, ana kiɗa suna tsalle, 'yan kallo na tafi. Wannan bai burge ni ba. Dabba ce mai shaƙar iska mai shayar da ɗanta nono, wadda ta saba da faɗin teku, ganinta tana zagaye a ɗan kududdufi don a jefa mata kifi bai kwanta mini ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Da yawa daga cikin kifayen nan na tekunsu ne, wanda ke nan bayan katanga. Kowane tanki da allonsa, an rubuta sunan kifin da Larabci da Turanci, da inda yake zama da abin da yake ci. Yaro zai tsaya ya haɗa baƙi ya karanta, ubansa na ƙara masa bayani. Mutanen Jidda arzikin ruwansu suke nuna wa 'ya'yansu.

Mu fa? Ranka ya daɗe, ka shiga ajina ka ce a lissafo maka kifi, za a ce tarwaɗa, a ce karfasa, wani ya ce kifin ƙanƙara, daga nan sai shiru. Kuma yaran nan a bakin fadamar Haɗeja aka haife su, kakanninsu da su suka yi aure suka yi gida.

Alhali kifinmu bai gaza na kowa ba wajen abin mamaki. Ɗauki gaiwa. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe a kanta, ta bar ɗan ƙofa tana shaƙar iska da huhu, ta yi watanni a haka ba ci ba sha. Muna yara da rani ake bin busasshiyar fadama da fartanya ana tono ta. Za ka ga curin ƙasa kawai, a fasa, sai ga ta a naɗe, jela a kan fuska, a jefa ta a ruwa ta miƙe ta kama iyo. Minjirya, wadda duk ɗan su ya san ɗanɗanon jan ta, babbarta tana sakin wutar da ta haura bolt 300, ta fi wadda ke cikin wayar gidajenmu. Macen karfasa a bakinta take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma in 'ya'yan suka ji tsoro bakin nata suke komawa. Bargi da yauni sheƙa suke yi a cikin ciyawar ruwa. A cikin ƙurungu akwai mai iyo a rigingine. Talibambam kuwa taɓa shi kaɗan ya kumbura ya zama ƙwallo. Ban ma zo kan tsage mai haƙora ba, ko giwan ruwa da ƙato ɗaya ba ya iya ɗaga babbansa. Wane yaro ne zai ga waɗannan ido da ido ya manta?

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira ba ce, kifin nan raguwa yake. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama kowace damina ta sauya, kuma a cikin wannan ruwan da ke malala cikin ciyawa kifi ke hayayyafa. Ruwan da ake saki rani da damina ya ba kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa, inda kwalekwale ke wucewa da yanzu sai an sa lauje. Mu ma masunta da namu laifin. Wasu na ja da gidan sauro su kwashe har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai ko'ina ba, wasu na zuba maganin ƙwari a ruwa. Ka je kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda ake lodi daga cikinta zuwa kudu, ka tambayi dattawan wurin yaushe rabonsu da ganin irin manyan da suke gani suna samari. Dausayin Baturiya ya shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu a duniya tun 2008, amma in ana zancensa tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ake ambata, na cikin ruwan ba mai tuna su.

Kada wani ɗan kwangila ya ji wannan ya ce a kwaikwayo na Jidda ko na Dubai. Ruwan Bahar Maliya kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 40, kuma kifin da ya saba da shi sai an haɗa masa irinsa, an daidaita zafinsa, injin tacewa na aiki dare da rana. A ɗauke wuta na yini guda an yi asarar miliyoyi. Namu ba haka yake ba. Tanki ne mai kauri, da famfo, da matata, da sola. Tarwaɗa da gaiwa da bargi da gartsa duk suna leƙowa sama su shaƙi iska, saboda haka ɗan tsaikon wuta ba zai kashe su nan take ba. Sai dai a raba tsage da giwan ruwa da sauran, in ba haka ba a wayi gari su kaɗai ne a tankin. Abin da ke ba ni tsoro shi ne halinmu na a yanka kyalle a ɗauki hoto a watse. Kuɗin abincin kifi da albashin mai wanke tanki su ne aikin, a sa su a kasafi tun kafin a ɗora bulo.

Masu bayani kuma kada a nemo su daga nesa. Sarakunan ruwa da tsofaffin masunta suna nan, sun san wane kifi ke hawa da ruwan fari, wane ne ke kwana a gindin kainuwa, wane ne ƙayarsa ke sa hannu ya kumbura. A ba su ɗan alawus su zauna da yara, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Bayero su rubuta abin da suke faɗa. Allunan a yi su da boko da ajami, a sa sunan kifin da Hausa da Fulatanci da Badanci da Barbarci, tunda duk muna shan ruwan nan tare.

Wurin da ya fi dacewa a ganina Haɗeja ne. Kano kuma tana da gidan zu na Audu Bako, wanda ke cika maƙil da yara kowace sallah, ɗaki guda a ciki ya isa a fara. Kifin ba sai an saya da dala ba. In aka yi wa sarakunan ruwa magana da wuri, da kaka lokacin da ruwa ya fara janyewa ake samun kowane iri, masunta za su kawo su da rai a cikin jarka.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, Jihar Jigawa.