Amsa ga mai tambaya kan jefa tarkace a tseren motocin NASCAR

Malam, assalamu alaikum.

Tambayar da ka aiko wa shirinmu na wasanni, aka karanta ta kowa ya ji, ita ce: wai da gaske ne direbobin tseren motoci na NASCAR a Amurka sukan jefa abu a kan hanya da gangan don a ɗaga tuta rawaya? In kuwa haka ne, me ya raba tseren da resilin, wanda ake tsara mai nasara tun kafin a shiga fili? Lokaci ya ƙure mana ran nan, shi ya sa na rubuto maka a nan inda sauran masu sauraro za su gani.

Da gaske ne. An yi, an kuma kama wanda ya yi. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma warin a nan yana jikin tutar ne.

Yawancin filayen NASCAR kewayayyu ne, motoci wajen arba'in suna ta zagaye. Da zarar alƙalan da ke saman bene suka hango haɗari ko tarkace a kan hanya suka kunna fitila rawaya, aka kuma ɗaga tuta rawaya, kowa zai rage gudu ya shiga layi bayan motar jagora. Wanda ya sha wuya ya ba na biyu ratar daƙiƙa goma, ratar ta tafi. Ga kuma batun mai da taya. A filin Atlanta da ke jihar Jojiya, mai tsawon mil ɗaya da rabi da ɗoriya, zagaye ɗaya bai wuce kusan rabin minti ba. Wanda ya ratse wurin makanikansa ana tsakiyar gudu, kafin ya dawo an zagaye shi. Wanda ya ratse lokacin da aka ɗaga rawaya kuwa, abin da zai rasa kaɗan ne, tunda kowa tafiyar hawainiya yake yi. Tun 2003 ma akwai ƙarin garaɓasa: motar farko cikin waɗanda aka zagaye ana mayar mata da zagayenta kyauta. Ka ga ke nan tuta ɗaya a lokacin da ya dace ta fi wa direba sabon inji amfani.

Abin da ya faru a Atlanta a watan Oktoba na 2006 ke nan. Jeff Burton, wanda ke cikin masu neman kambin shekarar, ya shiga ya sauya taya ana gudu. Fitowarsa ke da wuya aka ga wani baƙin abu a kan hanya, aka ɗaga rawaya, sauran suka yi nasu gyaran a arha, shi kuma ya maƙale a baya. Da aka ɗauko abin, ashe soso ne, irin wanda ake naɗe wa ƙarafan da ke kewaye da direba a cikin mota don kada ya bugu. Irin wannan soson ba ya fita daga mota da ƙafarsa. Burton ya fusata, ya ce a tsayar da motoci a duba ɗaya bayan ɗaya a ga wadda nata ya ɓace. Tashar NBC ta nuna hoton da ake ganin abin yana fitowa daga wajen motar Robby Gordon, wanda tutar ta yi wa rana. Gordon ya musanta cewa da gangan ya yi. Bayan 'yan kwanaki NASCAR ta ci shi tarar dala 15,000, ta zabge masa maki 50, ta kuma ci shugaban makanikansa dala 10,000. Shi dai Burton ba wanda ya mayar masa da abin da ya rasa.

Zaɓen soson ma akwai wayo a ciki. Direbobi sukan wurgar da robar ruwa ta gefen ragar taga idan sun shanye, kuma masu lura da hanya sun saba da ita, galibi ba sa tsayar da tsere saboda ta. Amma baƙin soso mai siffar bututu, daga nesa ba ka bambance shi da guntun ƙarfen salansa. Mai lura yana da daƙiƙu kaɗan ya yanke shawara, ga motoci suna tahowa da gudun kusan kilomita 300 a awa.

A nan ne nake tausaya wa alƙalan, duk da ba kullum nake yarda da su ba. Ƙaramin ƙarfe ya isa ya fasa taya, taya kuwa in ta fashe a kwana, bango za a sha. Ko takardar da 'yan kallo suka ci abinci a ciki, in iska ta manna ta a hancin mota, sai ta toshe wa lagireto iska, inji ya ɗau zafi. Za ka ga direba ya matsa dab da bayan wata motar don iskar da ke tsakaninsu ta ɓamɓare masa takardar. A watan Agustan 2015, a filin Pocono, guntun hancin wata mota da ta yi haɗari ya daki Justin Wilson a ka, ya rasu washegari. Gasar IndyCar ce, mai buɗaɗɗun motoci, ba NASCAR ba, amma fili ne da NASCAR ma ke tsere a kansa. Direban da ya jefa soso ya san alƙali ba zai iya yin caca da ran mutane ba, da wannan tsoron yake cinikinsa. Shi ya sa nake ganin laifin ya fi ƙarfin dala 15,000.

To amma zancen resilin da ka kawo, wani ya riga ka faɗa, kuma daga cikin gida. A watan Afrilun 2007, bayan tseren Phoenix, Tony Stewart, wanda a lokacin ya riga ya ci kambi sau biyu, ya fito a shirinsa na rediyo ya kwatanta NASCAR da resilin. Zarginsa ba a kan direbobi yake ba, a kan alƙalai yake: cewa sukan ɗaga rawaya da sunan tarkacen da ba wanda ya gani, don a tattaro motoci wuri ɗaya idan tsere ya fara gundurar masu kallo. Shugabannin NASCAR suka kira shi suka zauna da shi a filin Talladega, ya fito ya janye maganar. Zargin dai bai janye ba, don mutane sun ci gaba da ganin rawaya saura 'yan zagaye a gama, kyamara kuma ba ta nuna abin da aka tsinta. A 2017 NASCAR ta kasa tsere kashi-kashi, da tsayawar da kowa ya san lokacinta, har da maki ga goman farko a ƙarshen kowane kashi. Daga nan tutocin tarkace suka ragu ƙwarai. Kai ma sai ka yi lissafin abin da hakan ke nunawa.

Su ma direbobi suna da wata hanyar da ba sai an jefa komai ba, wato mutum ya juya motarsa da kansa kamar ta ƙwace masa. Dale Earnhardt Jr. ya yi haka a Bristol a 2004, ya kuma faɗa da bakinsa, aka ci shi dala 10,000 da maki 25. Bubba Wallace ya yi a Texas a 2019, sai da ya amsa wa ɗan jarida kafin aka ci shi dala 50,000 da maki 50. Duka biyun bakinsu ne ya ja musu, abin da ke koya wa na baya su yi su kuma ja bakinsu su yi shiru. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na Richmond a Satumban 2013, inda motar Clint Bowyer ta juya saura zagaye bakwai, Ryan Newman yana gaba. NASCAR ta ce ba ta iya tabbatar da cewa da gangan ya juya ba, amma maganganun rediyon ƙungiyarsa, wato Michael Waltrip Racing, sun nuna an yi wasa da sakamako. Aka ci ƙungiyar dala 300,000, aka cire Martin Truex Jr., wani direbanta da tutar ta yi wa rana, daga jerin masu neman kambi, Newman ya maye gurbinsa.

Saboda haka amsata ita ce a'a, ba resilin ba ne. Tuta tana iya share rata, tana iya ceto wani ta nutsar da wani, amma in an sake sakin motoci ba mai iya rubuta wa arba'in ɗin nan wanda zai riga isa. Abin da zan nema daga NASCAR biyu ne. Duk lokacin da aka tsayar da tsere saboda tarkace, a nuna wa masu kallo abin a hannun wanda ya tsinto shi. In kuma aka gano daga cikin wata mota aka jefo shi, a soke sakamakon motar na ranar baki ɗaya, don tara da ragin maki bayan kwana uku ba sa taɓa matsayin da ta riga ta samu a fili.

Na gode da tambayar, Malam. A gaida gida.

Wassalam.