Wasiƙa kan ƙarin shekarun ritaya

Assalamu alaikum, aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka a can Kudu. Saƙonka ya iso, na kuma ga kana lissafin sai ka cika shekara 65 za ka ajiye alli. Malam, sake lissafi, don dokar ba haka ta ce ba.

Tsohuwar ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya tana nan daram ga yawancin ma'aikata: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Wasu rukunai ne aka tsame. Tun 2012 farfesoshin jami'a suke kaiwa 70. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya kai alƙalan manyan kotuna 70, daidai da na kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli. Ku malaman makaranta kuwa, Shugaba Buhari ya yi muku albishir ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, ya sa hannu a dokar a Afrilun 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki. To, kalmar nan "duk wadda ta riga cika" ba ta gusa ko'ina ba, kuma a nan mutane ke tuntuɓe.

Ɗauki biro. An haife ka 1968, ka kama aiki 1990 kana ɗan shekara 22. A tsohon tsari da ka tafi 2025 kana da 57. A sabon tsari shekara 40 ɗinka za su cika 2030, kana da 62. Ke nan 65 ba taka ba ce. Sa'anka da ya shiga aiki 2001 shi ne zai kai 2033, shekarun haihuwa su fitar da shi alhali aikinsa bai wuce 32 ba.

Kada ka jira sai lokaci ya ƙure. Nemi a buɗe maka fayil ɗinka ka ga takardar ɗaukarka aiki ta farko, da ranar da ka kama aiki, da takardar tabbatar da kai a aikin, da takardun ƙarin girma. Ranar haihuwar da aka rubuta ran da ka shiga aiki ita ce hukuma ta sani har ka fita. Takardar rantsuwar kotu da aka yo daga baya ba ta goge ta. Sai ka gwada ta da wadda ke IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya irinka, da ta lambar NIN, da ta kamfaninka na fansho. Bambancin wata guda, ko a rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa ya tsare kuɗin mutum watanni. Ka kuma riƙe takardar da ke nuna ƙarin ya shafe ka a rubuce, domin wanda ya zarce ranarsa bisa jita-jita, albashin da ya ci bayan ranar ana zare shi daga haƙƙinsa. Sanarwar ajiye aiki wata uku kafin ranar ake miƙa ta.

Ƙaninka da ke koyarwa a firamare kada ya ɗauka abin ya hau kansa kai tsaye. Shi ma'aikacin jiha ne da ƙaramar hukuma, jihohi kuma ba rana ɗaya suka karɓi tsarin ba. Ya je ofishin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ya ga takardar jiharsa da idonsa.

Ribar kuwa a fili take. Dokar fansho ta 2014 ta sa ana cire kashi 8 daga albashinka, gwamnati ta ɗora kashi 10. In albashin da ake lissafi a kansa naira 200,000 ne, 36,000 ke shiga asusunka duk wata. A shekara biyar 2,160,000 ke nan, ban da ribar juya kuɗin. Da yake ka fara aiki kafin 2004, akwai haƙƙinka na tsohon tsari da gwamnati za ta zuba a asusun, saboda haka kada ka bari rajistar da PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ke yi wa masu shirin ritaya ta wuce ka.

Ni dai ina goyon bayan ƙarin a gare ku, don gogaggen malamin lissafi ba a tsintarsa a hanya. Amma kiran da ƙungiyar ƙwadago ke yi na a ba kowa da kowa 65 da 40 yana damuna ƙwarai. Kujerar da babba bai tashi ba, na ƙasa ba ya hawa, matashin da ya gama bautar ƙasa kuma yana waje riƙe da takardu.

In ka duba fayil ɗin ka turo mini ranakun da ke ciki mu sake bi tare. Ka gaida Hajiya da yara, Allah ya sa mu gama lafiya.

Naka amini.