Addu'a ba cinikin kasuwa ba ce

Zuwa ga Edita,

Ina gaisuwa da fatan kana lahiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Kirista na nan Maradi da kewaye, su Tsibiri da Danja, kan wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Yanzu mutum zai yi azumin kwana 3, ya yi addu'ar dare guda, in bai ga amsa ba sai ka ji ya ce ai wanga coci babu wutar Ruhu Mai Tsarki, ya kwashi jikka biyar ko goma ya hau kabu-kabu ya tahi wurin mai saida man shafawa da ruwan gora wai an yi musu addu'a, wata na kamawa kuma ya sake wani wurin. Abin na ba ni tausai ƙwarai, don galibi talakawa ne, kuɗin hatsin gida ne ake kaiwa.

A Luka sura 18 Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙalin da ba ya tsoron Allah ba ya ganin girman kowa. Matar nan ba ta da kuɗin toshiya, ba ta da wani babba da zai tsaya mata, ƙafarta kawai gare ta, kullum tana bakin ƙofar nan har sai da mutumin ya gaji ya bi mata hakkinta. Ba ta canza ƙofa ba fa. To mugun alƙali ke nan, ina ga Uba mai ƙaunarmu? Annabi Iliya ma a Dutsen Karmel bayan fari na shekara 3 da wata 6, sau 7 yana aika baransa ya duba sama, sau 6 yaron na dawowa babu komai, a na bakwai ne ya hango ɗan gajimare kamar tafin hannu. Mu da muke shuka gero muna ɗaga kai sama, mun san zafin irin wannan jira.

Ni a gidanmu na gani. Ƙanena ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shekara 4 ko duriyarsa ba mu ji ba, har wasu sunka fara yi mana gaisuwa a fakaice. Inna ba ta yi lakwal ba, ba ta iya dogon baiti, amma kowace asuba da ladan ya kira salla a masallacin unguwa ita ma sai ta janyo tabarmarta bakin turmi ta durƙusa, kalmarta guda ce, ya Uba ga yaronka nan, ka san inda yake. Wata rana da kuka, wata rana muryar ma ba ta fita. Ni kaina sai da na ce Inna ki huta haka nan, ta dube ni ta ce in na bari wa zai riƙa faɗin sunansa?

Bara wajen kaka salularta ta yi ƙara da baƙuwar lamba, shi ne, minti biyu sunka yi layin ya yanke. Har yau bai dawo gida ba, kuma da asubar nan na ji ta tana janyo tabarmar.

Mai karatunku,
daga unguwar Zariya, Maradi