Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Yankari

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta godiya ce ga ma'aikatan Gandun Dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, musamman jami'in da ke raka baƙi zagayen daji daga sansanin Wikki. Allah ya saka masa da alheri.

Duk wanda ya saba zuwa wuraren yawon buɗe ido a ƙasar nan ya san halin: a karɓi kuɗinka a ƙofa, a nuna maka hanya da baki, shi ke nan. Shi kuwa wannan bawan Allah tun kafin a tada mota yake faɗa wa baƙi gaskiya. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu, sai a wuni ba a ga giwa ba. Ganin dabba sai da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke tara giwaye, ɓauna, gwanki da gwambaza a bakin kogin Gaji. A fita da sassafe ko bayan la'asar, don da tsakar rana duk suna inuwa.

Yana hana sa baƙin kaya ko shuɗi, saboda su ke jawo ƙudan tsando, ga cizo mai zafi. In aka ci karo da giwa mai ɗa, sai ya sa a kashe mota, kowa ya yi shiru. Da ta fara buɗe kunnuwa tana girgiza kai, sai a ja da baya a hankali. Gogon biri kuma, a sansanin ma yake sata: kada ka riƙe leda a hannu, kada ka bar gilashin mota ko ƙofar ɗaki a buɗe. Ruwan Wikki mai ɗumi, digiri 31 dare da rana, ba sai an yaba ba.

Abin takaici, akwai wuraren da za ka tarar da allo an rubuta sunayen dabbobi reras, amma mai tsaron bai san bambancin kanki da gwanki ba. Ka yi tambaya ya haɗe rai, kana juyawa kuma ya miƙo hannu a ba shi na goro. Masu kula da irin waɗannan wurare su turo ma'aikatansu Yankari su ga yadda ake karɓar baƙo.

Wassalam.