Amsa ga mai tambaya kan gyaran jiragen ruwan attajirai

Salam ɗan'uwa,

Ka jefo min tambaya a gaban jama'a, wai mu da muke aikin gyaran jiragen ruwan shaƙatawa na masu kuɗi a nan Sifen, da gaske ne ana rage gurɓata muhalli ko dai talla ce kawai. To gaskiya akwai abun da ya canja sosai, amma fa doka ce ta canja shi, ba tausayin teku ba.

Ɗauki fentin ƙasan jirgi, wanda ake shafawa dan kar gansakuka da ƙananan halittu su manne. A da akwai guba a ciki mai suna TBT, ita ta kusa kashe sana'ar masu kiwon kawa (wata halittar teku mai ɓawo da ake ci) a Arcachon ta Faransa, har matan dodon koɗin teku suka riƙa fitar da al'aurar maza saboda ita. Faransa ta hana ƙananan jirage amfani da ita a 1982, amma sai 2008 haramcin IMO, hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara aiki a duniya. Yanzu in aka ɗago jirgi daga ruwa sai an kafa masa rumfar leda ruf tun daga sama har ƙasa, injin gugarmu yana haɗe da tiyo mai zuƙe ƙura, ruwan da aka wanke jikin jirgin kuma baya komawa teku kai tsaye, kwata ce ke kai shi wajen tacewa. Da rani cikin ledar nan ga takunkumi a fuska ga zafi wlh ba daɗi, amma gara haka da mutum ya koma gida yana kakin fenti.

Shi ma katakon tik na Myanmar da ake shimfiɗawa a daɓen jirgi ya zama abun tsoro tunda Tarayyar Turai ta sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi a 2021, masu jirgi da yawa sun koma na roba ko ɓawon itace.

Inda nake ganin kana da gaskiya wajen zargin ko talla ce kawai shi ne batun mai. Babban jirgi ko yana tsaye cak janaretonsa na ci dare da rana, saboda na'urar sanyaya ɗakuna da firij da ruwan zafi da wurin ninƙaya, alhali maigidan yana wata ƙasar, sai ma'aikata kawai a ciki. Maganin akwai shi: a jona jirgi da wutar gari in yana tasha, a sa batura, a sa masa na'urar SCR mai rage hayaƙi mai guba, ko a sha man HVO da ake yi da tsohon man girki. Tun 1 ga Mayun 2025 ma duk jirgin da ke Bahar Rum dole sinadarin salfa a mansa kar ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari. Kuma lokacin gyara ne kaɗai ake samun damar yin manyan ayyukan nan tunda an riga an farke ɗakin inji.

Sai dai da yawansu in aka kawo musu lissafi, kuɗin canja kujeru da marmara suke fara sa wa hannu, na batura a ce a bari sai wani zuwan, mu kuma aikin da aka biya shi muke yi. In kana neman wanda zaka matsa wa lamba, masu jiragen ne da gwamnatocin da ke da tashoshin.

Nagode, a gaida mutanen gida.